Sulken Baba a Kan Sikeli

A zauren gidanmu na Hunkuyi aka yi gardamar, ranar wata Asabar bayan la'asar, cikin goman ƙarshe na azumin 2016. Mu biyar ne a kan tabarma: ni, ƙannena biyu, ɗan kawuna da wani abokinsa. A tsakiyarmu akwai ƙwayoyin lido guda biyu, da guntayen fensir, da wasu takardun fotokwafi da suka sha hannu har gefensu ya yi baƙi. Wani da muka zauna ɗaki ɗaya da shi a jami'a a Samaru ne ya ba ni su. Dokokin wani wasa ne mai suna Traveller, wanda wani Ba'amurke, Marc Miller, ya tsara, aka fara buga shi a 1977.

Wasan ba shi da allo irin na dara ko lido. Mutum ɗaya ne alƙali, shi ke ba da labari. Sauran kowa yana da mutuminsa a rubuce a takarda, da lambobi shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, kaifin hankali, ilimi da matsayi a cikin jama'a. Kowace lamba ana samun ta ne ta hanyar jefa ƙwayoyin nan biyu, don haka tana faɗowa tsakanin 2 da 12. Alƙali zai ce ga halin da kuke ciki, kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai yi, in abin mai wuya ne a jefa ƙwaya a ga ko ya dace. Labarin kuwa na sararin samaniya ne, na fatake da sojojin haya da ke yawo tsakanin taurari a cikin kumbo. Ni da na karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo tun ina ƙaramar sakandare, na daɗe ina neman inda zan ci gaba da irin wannan tafiya, sai ga ta a cikin takarda ta zo har zaurenmu.

A ranar, kumbonsu ya faɗi a wata duniya mai rairayi, sai sun yi tafiyar yini guda a ƙasa kafin su kai ga ruwa. Na ce kowa ya lissafa kayansa. Dokar littafin a sauƙaƙe take: mutum zai ɗauki kilo daidai da lambar ƙarfinsa ba tare da wata matsala ba. In ya ninka, ana rage masa ɗaya a ƙarfi da zafin nama da juriya. Amma tufafi da sulken da ke jikinsa ba sa shiga lissafi. Mutumin ƙanena yana da ƙarfi 7. Ya ɗauki bindiga da gorar ruwa suka cika masa kilo 7 cif, sannan ya rufe jikinsa da sulke, ya ce shi kam a sake yake.

Ɗan kawuna ya ce bai yarda ba. Shi tun yana yaro yake dakon rake daga fadama zuwa bakin titi, ya ce duk abin da ya hau jikin mutum sai jiki ya biya kuɗinsa. Ƙanena ya ce littafi ya riga ya yanke. Ni kuma, da yake ni ne alƙali kuma ni na kawo littafin, na bi bayan littafi. Muna cikin haka Baba ya shigo zai wuce cikin gida.

Da ma Baba bai taɓa son wasan ba. Ranar da ya fara ganin ƙwaya a hannunmu ya ɗauka caca ce, sai da na rantse masa ba ko sisi a ciki. Daga nan ya sa masa suna tatsuniyar 'yan boko da rana tsaka, ya daina kallon inda muke. Ranar nan kuwa sai ya tsaya, takalminsa a hannu.

"Wa ya rubuta wannan magana?"

Na ce, "Wani Bature ne a Amurka, Baba."

"Ya taɓa sa sulke?"

Ban ce komai ba.

"To in kun gan shi ku tambaye shi ƙarfe nawa ya sa, ƙarfe nawa ya cire."

Ya wuce. Yaran suka fashe da dariya. Ni ban yi ba, domin wannan ce maganar farko da Baba ya yi a gabana cikin kwana bakwai, kuma na san ba da Baturen yake ba.

A gidanmu akwai sulke na gaske. Yana cikin wata tsohuwar adaka a turakar Baba, a naɗe cikin buhun algarara. Baba ya gaje shi wajen mahaifinsa, shi ma gado ya ci. Riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe, kowane zobe ya sarƙe cikin huɗu, tana sauka har cinya, hannuwanta sun tsaya a gwiwar hannu. Gidanmu ba gidan sarauta ba ne. Abin da muke da shi kawai shi ne duk sallah mutum ɗaya daga gidan yana hawa a bayan hakimi in za a shiga Zariya gaisuwar Sarki, kuma da wannan sulken yake hawa. Baba ya karɓi hawan tun kafin a haife ni, zamanin Sarkin Zazzau Shehu Idris bai daɗe a kan gado ba.

Kakana, Allah ya jiƙansa, yakan ce a nan wajajen garinmu dawakin Sarkin Zazzau Makau suka tari rundunar Malam Musa lokacin jihadi, kafin Makau ya bar birni ya yi kudu, inda daga baya ƙanensa Abu Ja ya kafa garin da yau ake kira Suleja. Yakan nuna adakar ya ce wannan ya ga ranar. In muka tambaye shi a wane ɓangare, sai ya yi dariya ya ce ƙarfe ba shi da ɓangare, wanda ya tsira da shi shi ne mai shi.

Da na girma na bi diddigin abin a littattafai. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, saboda asarar mayaƙa da ya sha a yaƙinsa da Umbutawa. Wani masani Bature, A. D. H. Bivar, ya zagaya fadodin Arewa ya duba sulkunan da ke ajiye, ya fitar da littafi a 1964, inda ya nuna cewa wasunsu tsofaffi ne ƙwarai kuma daga ƙetaren Sahara suka zo. Malamanmu na allo kuwa tun muna yara suka gaya mana Annabi Dawuda, alaihis salam, aka tausasa wa ƙarfe aka koya masa saƙa sulke. Har wasan da ke kan tabarmarmu ma da sulke ya faro: kakan irin waɗannan wasanni, Dungeons & Dragons na 1974, ya tsiro ne daga wani ƙaramin littafin dokokin yaƙi na 1971 mai suna Chainmail, wato sulke.

Lifidi dabam ne da sulke. Shi bargo ne mai kauri da ake cusa wa audugar rimi a ɗinke, a rufe doki da shi, a rufe mahayi. Kibiya ba ta cika huda shi ba, amma doki ba ya sukuwa da shi, yana riƙe zafi, kuma wuta na kama shi. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da 'yan lifidi, jama'ar Shehu kuwa galibinsu maharba ne a ƙasa, kuma maharban suka yi rinjaye. Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton ya ga 'yan lifidin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da idonsa a 1826, lokacin da aka kai wa Gobirawa hari a Konya. Ya ba da labarin cewa sai da mutum biyu suka ɗora kowane mahayi a kan dokinsa, kuma da harsashi ya kayar da na gaba, 'yan ƙasa ne suka ruga suka janye shi. Duk wannan na san shi a takarda a shekarar nan. Sulken gidanmu kuwa ban taɓa ɗaga shi ba.

Shekarar 2016 ita ce shekarar sharon. Tsutsar nan da masana ke kira Tuta absoluta ta shiga tumatirin rani, ta cinye ganye ta huda 'ya'ya, mutum ya kwana da gona kore ya tashi ya tarar kamar an bi ta da wuta. A watan Mayu gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Daga Hunkuyi zuwa Kudan, daga Makarfi zuwa Ikara, duk inda ka zauna maganar ke nan. Baba ya zuba duk abin da ya samu na masara a fadama, ya ƙara da bashi. Ya yi feshi ya sake, ya canja magani ya sake. Kwando goma bai ɗiba ba.

A gida bai nuna ba. Cefane bai canja ba, sadakar buɗa-baki da yake fitarwa ƙofar gida ba ta tsaya ba, dokinsa kuma yana turke yana cin harawa da dusa da kanwa kamar kullum. Ni kuwa kuɗin rajistar sabon zango da na ɗaki suna gabana, ga kuɗin aikin bincike na shekarar ƙarshe. Ana haka wani dillalin kayan da ya zo daga birni. Na ji shi da kunnena a zaure yana taya sulken, kuɗin da ya ambata ya isa ya biya mini makaranta har ya yi saura. Baba ya ce masa albarka, ya raka shi bakin hanya.

Da dare na same shi. Ni ne ɗan fari, Baba bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban saba zama in yi doguwar magana da shi ba. Na durƙusa na ce, "Baba, na ji abin da mutumin nan ya ce." Ya ce, "Ka ji." Na ce, "Ƙarfe ne fa a cikin adaka. Sau biyu a shekara ake fito da shi. Ba ya noma, ba ya kare kowa daga komai. Yanzu wa ke harbin kibiya?" Ya dube ni ya ce, "Ka gama?" Na ce na gama. Ya ce, "Sai da safe." Kwana bakwai ke nan kafin ranar gardamar zaure.

Washegarin gardamar, bayan an sauko daga asuba, ya aiko ƙanena ya kira ni. Na tarar ya buɗe adakar. Ya ce, "Kai, sa taguwa mai kauri ka zo." Na sa na dawo. Ya ce in ɗaga hannu sama, shi da ƙanena suka zura mini shi ta ka. Ya sauko mini a kafaɗa da wani sanyi, yana ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Na motsa hannu, na juya, na ɗan yi tsalle. A raina na ce, wannan ne? Ai littafi ya yi gaskiya. Nauyin ya bazu ko'ina, bai kai rabin wahalar ɗaukar jarkar ruwa a hannu ɗaya ba. Baba ya miƙo mini babbar riga na ɗora a sama, ya ce, "Mu je fadama."

Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba in mutum a sake yake. Kafin mu fita gari ban ji komai ba. Da muka wuce gonakin masara na farko sai na ji kamar wani ya dafa kafaɗuna da hannu biyu ya ƙi ɗagawa. Can gaba wuyana ya ƙage. Gefen sulken yana dukan cinyata a kowane taki, ƙafata tana ɗaga shi tana saukewa. Rana ta fito, damina ce, iska ta yi nauyi, zufa ta jiƙa taguwar ta manne. Numfashina ya gajarce, ga azumi a bakina. Baba yana gaba da sandarsa bai waiwayo ba sai da ya ji takuna ya canja. Ya tsaya, ya kwance rawanin da ya rataya a wuya, ya ce in ɗan ɗage sulken sama da ƙugu, ya ɗaure mini shi tamau a kai. Nan take rabin nauyin ya bar kafaɗa ya koma ƙugu.

Na ce, "Baba, ai da tun a gida aka ɗaura."

Ya ce, "Da an ɗaura tun a gida ba za ka san amfaninta ba."

Muka isa fadamar. Ya riga ya shuka masara a inda tumatirin ya mutu, amma ga kwandunan da ya saya tun kafin ɗiba a jibge ƙarƙashin mangwaro, ruwa ya fara ruɓar da su. Ya zauna a kan ɗaya da ya kifa. Ni na kasa zama, na kasa tsayuwa, na jingina da itacen. A nan, yana kallon masarar, ya lissafa mini: abin da mai taki ke binsa, abin da mai maganin feshi ke binsa, kuɗin man injin ban-ruwa, da abin da ya karɓa wajen kawuna. Bai taɓa gaya wa ko Inna jimillar ba. Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba, Baba?" Ya ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Bana ma zan hau. Kai za ka riƙe mini linzami."

Da muka dawo gida na yi ƙoƙarin cire shi kamar riga, ya ƙi. Hannuna ya kasa kai shi sama da ƙirji. Sai da Baba ya ce in sunkuya in dafa ƙasa, in girgiza kafaɗa, ƙanena ya kama gefen ya ja, sannan ya zubo ta kaina ya tafi da gashi ya yage mini bayan kunne. Na miƙe na ji kamar zan tashi sama. Awa biyu da 'yan mintuna na yi da shi.

Daga baya na ci karo da wani bincike da aka yi a Jami'ar Leeds ta Ingila aka buga a 2011. Sun sa mutane kayan ƙarfe irin na mayaƙan Turai na ƙarni na 15, masu nauyin kilo 30 zuwa 50, suka ɗora su a kan injin tafiya suna auna iskar da suke shaƙa. Suka gano cewa tafiya da kayan tana cin ƙarfin jiki fiye da ninki biyu, kuma ta fi wahala a kan a ɗauki wannan nauyin a jakar goyo, domin ƙarfen da ke ƙafa sai an ɗaga shi a kowane taki, na ƙirji kuma yana takura numfashi. Na kuma ga cewa wani sabon bugun wasan namu ya sassauto, ya ce a ƙirga kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin sulken da ke jiki. 'Yan sama jannatin Apollo ma, kayansu sun kai kimanin kilo 80 a doron ƙasa, a kan wata nauyin ya koma kashi ɗaya cikin shida, duk da haka sun sha fama wajen lanƙwasa gwiwa da yatsu. Kowanne cikin waɗannan ya kama wani gefe na abin. Gefen da Baba ya fara tambaya a kai, wato tsawon lokacin da abu ya yi a jikinka, shi ne ban gani a dokokin wasan ba.

Sallah ta kama Laraba, 6 ga Yuli. Ranar Hawan Daushe tun hantsi muka shirya shi a gidan da muke sauka a cikin birni: taguwa, sulke, ɗamara, riga, rawani. Ni da ɗan kawuna muka riƙe likkafa ya hau. Wanda ya taɓa yin zagi ya san yawancin hawa jira ne. A jira ayarin wani hakimi ya wuce, a matsa kaɗan, a sake tsayawa, algaita na tashi, 'yan bindiga na ɗura wa sama hayaƙi, doki na tirje-tirje yana neman taka ƙafarka. Na riƙa ɗaga kai ina duban Baba. Yana zaune tsaf kamar an dasa shi, mashi a dama, yana amsa gaisuwa da ka. Da aka zo jafi a ƙofar fada ya ɗaga mashin ya girgiza, na ji mutane suna cewa dattijon nan bai tsufa ba.

Sai gab da magariba muka koma masauki. Na riƙe linzami ina jira ya sauko, bai sauko ba. Ya sunkuyo kaɗan ya ce da ni a hankali, "Kai, ja shi bayan katanga." Na ja dokin inda ba kowa. Ya ce, "Ƙafar ba ta amsawa. Ku sauke ni, kada mutane su gani." Ni da ɗan kawuna muka zare ƙafarsa daga likkafa, ya zubo mana a hannu. Abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda na ji ƙasusuwansa ta cikin zobban, mutumin da nake gani kamar kuka. Muka zaunar da shi, muka sunkuyar da shi, muka zare sulken. Da muka cire taguwar na ga kafaɗunsa: kowace tana da wani baƙin tabo mai kauri kamar kanta, tsohon tabo, a kansa kuma ga sabon jini. Sama da shekara talatin yana hawa, ban taɓa ganin kafaɗar mahaifina ba sai ranar.

Bayan sallah da mako guda wani mutum ya zo da mota daga Kano ya tafi da dokin. Baba ne ya kwance shi daga turke da hannunsa, ya shafa wuyansa, ya koma cikin gida tun kafin motar ta tashi. Da dare ya kira ni ya ƙirgo kuɗin makaranta ya ba ni, sauran ya rage bashi. Na kasa karɓa da farko. Na ce, "Baba, ni ba dokin na ce ba." Ya ce, "Na sani. Dokin nawa ne, ni na saya da kuɗina. Wancan ajiya aka ba ni." Ban taɓa kawo dokin a lissafina ba, domin na san shi yake fara dubawa in ya dawo daga asuba, kafin ya gaisa da kowa. Daga wannan shekara wani ɗan'uwanmu ke hawa a madadin gidan da dokin aro da riga kawai. Baba bai sake zuwa kallon hawa ba.

Ya rasu a daminar 2021. Da aka zo rabon gado aka lissafa gida da gonaki da injin ban-ruwa, sai kawuna ya tuna da adakar. Malamin da ke rabon ya ce ita ma dukiya ce, kowane magaji yana da haƙƙi a ciki, sai dai in sun yafe ko sun yarda a ajiye. Aka yarda a ajiye a hannuna. Kafin in mayar da shi na ɗauke shi a buhunsa na kai shagon wani mai sayen masara a bakin kasuwa na ɗora a sikeli. Kilo 11. Mai shagon ya leƙa buhun ya ce, "Malam, wannan ai ko tiya biyar ta masara ta fi shi." Na ce haka ne.

Yanzu ina koyarwa a wata sakandare, albashina kowa ya san irinsa. Ni ke riƙe da Inna, ni na aurar da ƙanwata bara, ni ake kira in rufi ya yi yoyo ko an kwantar da wani a asibiti. Ba wanda ke lissafa wannan a matsayin kaya, ni ma ba na lissafawa. In an tambaye ni sai in ce lafiya lau, da irin muryar da na sani. Ƙanena, mai mutumin nan mai ƙarfi 7, ya samu gurbin karatun injiniya, kuma kuɗin rajista ba irin na zamaninmu ba ne. Dillalin nan bai manta da gidanmu ba. Ya kira ni sau biyu tun bayan rasuwar, tayinsa ya ninka. Watan jiya ƙanena ya same ni da dare, ya durƙusa, ya ce, "Yaya, ƙarfe ne fa a cikin adaka." Bai san na taɓa faɗin haka ba. Kuma shi yana da abin da ni ban da shi a lokacin: yana da kaso a ciki, halak malak. Ni kuwa ba ni da doki a turke.

Ban ce masa sai da safe ba. Na zaunar da shi na buɗe masa littafin da nake rubuta shiga da fita, ya ga komai, har bashin da ban gaya wa Inna ba. Muka yi lissafi tare har dare ya raba. In aka jinginar da gonar tudu shekara biyu, in shi kuma ya kama koyar da yara darasi da yamma a Samaru, zangon farko zai fita. Na biyu ba mu san ta inda zai fito ba. Na gaya masa in ya kai ga haka zan tara magada duka a zaure, abin da suka yanke shi za a yi, ba zan tsaya a ƙofar adaka in hana shi karatu ba. Lambar dillalin tana cikin wayata, ban goge ba.

Har yanzu muna wasan in an yi hutu, yara sun ƙaru, har da ɗalibaina biyu. Na rubuta dokarmu ta gida da biro a bayan fotokwafin. Awar farko sulke ba ya shiga lissafi. Daga nan kowace awa mai shi zai jefa ƙwaya a kan juriyarsa, in ya faɗi a rage masa ɗaya, kuma ba ya dawowa sai ya cire ya huta. Wanda ya ɗaura ɗamara ana ɗaga masa ƙafa sau ɗaya. A ƙasan takardar kowane mai sulke kuma akwai layi da sai an cike kafin a fara: sunan wanda zai cire masa. In ba kowa a layin, ya faɗi a fagen fama, sai ya yi zagaye uku a kwance. Yaran sun ce dokar ta yi tsauri. Abin da na lura shi ne tun da aka kafa ta ba wanda ke barin ayari ya yi gaba shi kaɗai.

Jiya Asabar muka fito da shi saboda damina ta sa ya fara ja. Muka zuba shi a buhu da yashi mai laushi, ƙanena ya kama baki ɗaya na kama ɗaya, muka yi ta jijjigawa a tsakar gida yadda Baba ke sa mu yi muna yara. Inna tana bakin murhu tana kallonmu, ta ce mu matsa kada mu cika mata miya da ƙura. Da tsatsar ta fita muka shafe shi da man gyaɗa. Ƙanena ya ɗaga shi da hannu biyu yana juyawa a rana, ya ce, "Yaya, bari in gwada." Na ce ya je ya sa taguwa mai kauri tukuna, na shiga ɗaki na ɗauko rawanin Baba na rataya a wuya.